Amsa kan zanen bango a tsibirin Sardiniya

Ɗan'uwa ka tambaya ko akwai tsibirin da ake zana tarihinsa a jikin bango, wallahi akwai, Sardiniya ta ƙasar Italiya, musamman garin makiyaya Orgosolo. A 1969 sojoji suka so mayar da makiyayar Pratobello da ke kusa da garin filin koyon harbi, sai mutanen gari maza da mata suka fita suka tare wajen ba bindiga ba komai har sojojin suka haƙura suka tafi, to labarin nan yana jikin bango har yau, ni shi ya fi taɓa min zuciya gaskiya. Daga 1975 wani malamin zane Francesco Del Casino ya ja ɗalibansa suka ɗora da zane a bangon garin, yanzu zanen sun haura 100, ga makiyaya da tumakinsu ga tsofaffin mata cikin baƙaƙen kaya.