Amsa ga Alhaji mai shirin kawo iyalinsa Kuala Lumpur

Assalamu alaikum. Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci kana so ka kawo Hajiya da yara Kuala Lumpur a hutun makaranta. Ka tambaya ko Hausawan nan suna da unguwa da mai masauki kamar 'yan'uwanmu na Kumasi, sannan ka ce wasu da suka zo sun koma suna cewa mun rage karɓar baƙi. Wannan magana ta biyu ta taɓa ni, domin akwai abin da ba a bayyana wa mutanen gida ba.

Ba mu da zango a Malesiya, ba mu kuma da sarkin Hausawa. Yawancinmu karatu ko koyarwa ne ya kawo mu, shi ya sa muke warwatse a kewayen jami'o'i, wasu a Gombak kusa da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa wadda aka kafa a 1983, wasu a Serdang da Kajang, wasu a Cyberjaya, kuma ba mu cika haɗuwa ba sai a suna ko jana'iza ko ranar Sallah. Zaman kowannenmu yana tafiya ne da takardar izini mai wa'adi, ta ɗalibi ko ta ma'aikaci, wadda ƙaramin kuskure kan iya hana a sabunta ta. Gidajenmu a benaye suke, ɗaki biyu ko uku, babu zaure, babu tsakar gida, ga masu gadi a ƙofa suna rubuta sunan duk wanda ya shigo. Saboda haka abin da muka saba shi ne baƙo mai iyali ya kama otal ko gidan haya na 'yan kwanaki, mu kuma mu ɗauki nauyin tarbarsa da rakiyarsa, matanmu su riƙa aika masa tuwo da miyar kuka idan ya gaji da abincin gari.

Abin da muka fi tsananta wa a kansa shi ne saƙo. A gida, idan mutum zai yi tafiya, maƙwabci kan miƙa masa ƙullin kaya ya ce a kai wa ɗansa, kuma abin kunya ne a buɗe. Mu a nan mun ajiye wannan kunyar, kuma ina roƙonka ka ajiye ta: duk abin da aka ba ka, ka kwance shi a gaban mai shi, ka ga abin da ke ciki da idonka, ko da ɗan'uwa ne na jini. Dokar ƙasar nan a kan miyagun ƙwayoyi tana kaiwa har ga hukuncin kisa, kuma ko da yake a 2023 an bai wa alƙalai damar zaɓar ɗauri mai tsawo a maimakonsa, hukuncin yana nan. Laifin 'yan tsiraru ya sa ana yi wa mai fasfo ɗin Najeriya tambayoyi da yawa a filin jirgi, don haka ka taho da bizarka tun daga gida, da katin rigakafin shawara, da tikitin komawa, da shaidar otal, ka kuma cike takardar shiga ƙasa ta intanet kafin ku sauka. Fasfo ɗinka ya kasance tare da kai duk inda za ka. Idan ana maganar tsaraba, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sun ishe mu murna, amma ka bar kilishi, domin shigo da nama yana buƙatar izini.

A masallaci za ka ga bambanci, kada ya dame ka. Musulmin nan Shafi'iyya ne, liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, kuma a sallar asuba yana yin ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, jama'a na ɗaga hannu suna cewa amin. Mu muna bin su ba tare da gardama ba, ba ma kuma buɗe muhawarar mazhaba a masallacin mutane. Lokaci ma zai ba ka mamaki: ana sallar asuba wajen ƙarfe 6, magariba kuwa sai wajen ƙarfe 7 ko bayan haka, saboda a 1982 an matsar da agogon wannan yanki gaba domin ya yi daidai da na jihohin Sabah da Sarawak. Tsakaninmu da Najeriya awa 7 ne. Ba za ka buƙaci yawo da buta ba, domin kusan kowane babban kanti da tashar jirgi suna da ɗakin sallah da wurin alwala na maza da na mata.

Idan baƙo ya huta, mukan fara kai shi Masallacin Jamek wanda aka buɗe a 1909, a daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, wurin da masu neman kuza suka sauka a 1857 har garin ya kafu. Daga nan ana takawa zuwa Dataran Merdeka, filin da aka yi bikin sauke tutar Ingila lokacin samun 'yancin kai a ƙarshen Agustan 1957. Yara za su matsa a kai su tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 da tsayin mita 452, kuma gara a sayi tikitin hawa da wuri. A ganina, wurin da ya fi cancantar yini guda shi ne gidan tarihin fasahar Musulunci da ke kusa da Masallacin Ƙasa, inda aka ajiye tsofaffin rubuce-rubucen Alƙur'ani da ƙananan siffofin manyan masallatan duniya. Mutumin da ya tashi a makarantar allo ba ya fita daga ɗakin rubutun nan da sauri. Kogon Batu mai matakala 272 wurin ibadar mabiya addinin Hindu ne, kuma a cikinmu akwai masu kai baƙi su ga dutsen, akwai masu ƙin zuwa, ba wanda ke zargin wani. Hajiya za ta sami yadi da mayafai a titin Tuanku Abdul Rahman da unguwar Masjid India, amma kada ta yi tsammanin irin tayin Kantin Kwari, domin a yawancin shaguna farashi a rubuce yake. Ku riƙa fita da safe, saboda ruwan sama ya fi sauka da la'asar, kuma garin ba ya rabuwa da zafi da gumi duk shekara.

Game da abinci, garin na Malay ne da Sinawa da Indiyawa, don haka ba kowane shago ne namu ba. Muna duba tambarin halal na JAKIM, hukumar gwamnati mai kula da harkokin Musulunci, ko mu shiga shagunan Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, inda ake samun roti canai, wata irin gurasa, da shayi mai madara har tsakar dare. A unguwannin Sinawa ana sayar da naman alade a fili, sai a tambaya kafin a zauna. Mutanen nan ba sa son ɗaga murya, kuma mu Hausawa muna da ita, musamman a waya, don haka muna sassautawa a cikin jirgin ƙasa. Suna nuni da babban yatsa a maimakon manuniya, suna kuma cire takalmi kafin shiga kowane gida.

Filin jirgin yana Sepang ne, da ɗan nisa daga gari. Akwai jirgin ƙasa mai kaiwa tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa, amma da yara da kaya mota ta fi muku sauƙi. Ka turo mini ranar saukarku da lambar jirgin da zarar biza ta fito, domin mu shirya wanda zai tarbe ku. A gaida Hajiya da yara.