Amsa: Shin shekarar farko a jami'a tana sauya tunanin ɗalibi?

Malam, ka tambaya ko shekarar farko a jami'a tana sauya yadda ɗalibi yake tunani, ko kuwa karatu kawai take ƙara masa. A ganina tana sauya shi ƙwarai. William Perry, wanda ya daɗe yana tattaunawa da ɗaliban Jami'ar Harvard ta Amurka, ya wallafa bincikensa a 1970, inda ya nuna cewa sabon ɗalibi yakan zo da imanin cewa kowace tambaya amsarta ɗaya ce, kuma tana hannun malami. Haka yaranmu da suka haye WAEC da JAMB da hadda suke shigowa. Da zarar sun ji malamai biyu sun saɓa a kan mas'ala guda, sai su rikice, wasu har su ɗauka cewa ra'ayin kowa daidai ne. Fita daga wannan matakin shi ne mai wuya, domin sai ɗalibi ya koyi auna hujja, alhali ajin da ya cika maƙil, inda malami ke karanto takarda ana kwafewa, ba ya koyar da hakan. Aikin rubutu da malami ya duba da gaske, da muhawara da abokan ɗaki, sukan fi tasiri.