Idan aka sabunta dokar gini a Kano, me zai sami tsohon gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida a Hotoro, fuloti ɗaya mai ƙafa 50 da 100, kuma na daɗe da gina shi. Yanzu ina son in fitar da shaguna a gaba, in ɗora bene a kansu. Sai nake jin ana cewa dokokin gini na Kano sun tsufa, dole wata rana a sabunta su. Idan aka yi hakan, gida irin nawa zai shiga matsala? Sannan maƙwabcina na baya ya tayar da bene, tagoginsa suna kallon tsakar gidana. Akwai dokar da ta hana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gidan da aka gina da izinin hukuma ba ya zama haramtacce don kawai an sauya doka daga baya. Inda sabuwar doka take kama mutum shi ne ranar da ya taɓa ginin, kuma abin da kake shirin yi ke nan.

Abubuwa biyu ne ake haɗawa a kira su dokar gini. Akwai tsarin amfani da fili, wanda yake cewa nan unguwar zama ce, nan kasuwa, can masana'antu kamar Bompai da Sharaɗa da Challawa, ya kuma faɗi iyakar hawan bene da yawan filin da gini zai cinye. Akwai kuma ƙa'idar ginin kansa: ƙarfin fandisho, kaurin rodi, girman taga, faɗin matakala, hanyar fita idan gobara ta tashi. Shagunanka suna ƙarƙashin na farko, ƙarfin benenka yana ƙarƙashin na biyu, don haka izini biyu kake nema.

Masu cewa dokar ta tsufa ba su yi ƙarya ba. Babban tsarin birnin da aka fi sani shi ne wanda Trevallion ya rubuta don shekarun 1963 zuwa 1983. Yau birnin ya cika ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, har ya fara cin gonakin Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa. Gidajen zama a Nasarawa sun koma makarantu da asibitoci da ofisoshi, bakin Titin Gidan Zoo ya koma shaguna. Takarda na cewa abu ɗaya, ƙasa na nuna wani. Idan taɓarɓarewar ta kai haka, kusan kowane gini sai an nema masa alfarma, alfarma kuwa wanda ya san wani ne yake samunta.

Ikon gyaran yana hannun jiha. Gwamnatin tarayya ta yi dokar tsara birane a 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Haka kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006 ba ya hawa kan kowa sai jiha ta mayar da shi dokarta. A Kano ke nan magana tana tsakanin hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ma'aikatar filaye, da majalisar dokokin jiha. Idan za a yi abin yadda ya kamata, sai an fara auna abin da yake ƙasa a zahiri, da taswirar KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jiha, da zagayen ƙafa, a fitar da daftari, a baje shi jama'a su gani su kawo ƙorafi, sannan a sa hannu a faɗi ranar da zai fara aiki. Lokacin baje daftarin nan ne mai gida yake da bakin magana. Ƙorafin da unguwa ta rubuta tare, ta hannun mai unguwa, ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Kariyar tsohon gini tana faɗuwa ne idan aka ƙara masa girma, ko aka sauya abin da ake yi a cikinsa, ko aka rushe shi don a sake sabo. A nan sai a auna ka da dokar ranar da ka nemi izini. Ban da wannan, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kamar faɗaɗa titi, amma da diyya. Diyyar ta ginin da ke kai ce, ba ta farashin fili a kasuwa ba, kuma mai takardu ne yake da ƙafar tsayawa ya nema. Wanda ya gina ba izini, musamman a awon igiya, wato filin da aka yanka ba da tsarin hukuma ba, sabuwar doka kan buɗe masa ƙofar daidaita takardu idan bai hau hanya ko magudanar ruwa ba. Idan ya hau, jan fentin rusau ne. Rusau ɗin 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya nuna ma cewa takarda ba ta isa ita kaɗai ba idan asalin filin na jama'a ne, domin gwamnati tana iya soke abin da ta gabanta ta bayar. Fuloti irin naka a cikin unguwa ba ya cikin wannan layin, sai dai idan an yanko shi ne daga filin makaranta ko maƙabarta ko gefen titi.

Yanzu ga aikinka. Ɗauko takardar mallakarka ka duba abin da aka ba ka filin ka yi. Idan gidan zama aka rubuta, shago sauyin amfani ne, sai ka nemi a mayar da shi na zama da kasuwanci a ma'aikatar filaye kafin KNUPDA ta duba zane. Kuɗin ƙasa da kake biya zai iya ƙaruwa, ka sa wannan a lissafi. Daga nan ka sa mai awo ya tono maka duwatsun iyakar fulotin. Katanga ba ita ce iyaka ba. Gidaje da yawa sun ci mita ɗaya ko biyu na hanya tun ranar da aka ja katangar farko, mai gidan ma bai sani ba. Shagon da aka ɗora a kan wannan ragowar, da rumfarsa da dakalinsa, shi ake fara gogewa ranar da aka zo aikin titi. Idan babbar wayar lantarki ta ratsa kusa, tazarar ta fi haka tsanani: mita 15 kowane gefe ga layin 132kV, mita 25 ga na 330kV.

Batun bene shi ne inda muke so ka fi natsuwa. Yawancin gidajen ƙasa an gina su ne da siririn fandisho da bulo mai inci shida, babu fila, saboda kwano da silin kaɗai za su ɗauka. Dekin mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita. Idan shagunan sun ci faɗin fulotin, mita 15, da zurfin mita 5, kana maganar tan 27 ke nan, tun ba a ɗora bulo ɗaya na sama ba, balle tankin ruwa da mutane da kaya. Birkila zai ce maka ginin zai ɗauka, ya sha yin irinsa. Kada ka tsaya a maganarsa. Injiniyan gini mai rajistar hukumar injiniyoyi ta ƙasa, COREN, ne zai sa a haƙa rami a kusurwoyi ya ga zurfin fandishon da faɗinsa da irin ƙasar da ya zauna a kai. Idan wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, ƙasar tana ci gaba da zama shekara da shekaru, ginin ya riƙa tsagewa daga kusurwar taga. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi da aminci shi ne a rushe ɓangaren gaban, a tayar da sababbin filoli masu nasu gindin, su ɗauki benen ba tare da jingina da tsohon bango ba. Zanen kansa kuma mai zanen gini mai rajistar hukumar masu zanen gini ta ƙasa, ARCON, ne zai sa masa hatimi.

Ko zane ya yi kyau, a wajen aiki ake cin amana. Kwaɓin kankare na yau da kullum shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu; idan ba ka wurin, sai yashin ya koma uku. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da bulo mai inci tara fiye da 30 ba, amma akwai masu buga 45 zuwa sama, irin bulon da kake murje gefensa da yatsa. Kankare yana son ruwa aƙalla kwana bakwai, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, kuma a zafin Afrilu ko busasshiyar iskar hunturu yana bushewa kafin ya nuna. Katakon da ya tokare dekin kada a cire shi kafin sati uku don kawai mai haya yana jiran kayansa. Mutanen Kano ba su manta benen da ake kan ginawa da ya rufta a Titin Beirut a watan Agustan 2022 ba.

Sai ruwa, wanda a ganinmu shi ne babban abin da sabuwar doka ya kamata ta kama da ƙarfi. Fulotinka kusan murabba'in mita 450 ne. Idan ka rufe shi kaf da kwano da siminti, ruwan sama mai milimita 50, irin na dare ɗaya a Agusta, zai zubo da lita 22,500 kan titi, fiye da duro ɗari. Ka lissafa gidajen layinku. A da kududdufai da gonaki ne suke shanye wannan ruwan kafin ya gangara rafuka irin su Jakara, yanzu an gine yawancinsu. Ambaliyar Kantin Kwari ta 2022, wadda aka ɗora alhakinta a kan gine-ginen da suka toshe magudanan ruwa, misali ce a fili. Doka mai hankali za ta ce kowane fuloti ya bar wani kaso ba siminti. Kai ma tun yanzu, idan za ka rufe kwatar gaban shagunan, ka yi ta da murafan da ake ɗagawa a yashe, kada ka zuba kankare ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka kuma duba inda sokawe ɗinka yake da rijiya ko burtsatse, naka da na maƙwabta. Tazarar da ake so mita 30 ce, tsawon fulotin gaba ɗaya, shi ya sa wannan matsala ba ta gida ɗaya ba ce, ta tsarin layi ce.

Game da tagogin maƙwabcinka, a nan ne ƙa'idojin da muka gada suka fi rauni. An rubuta su ne da tunanin gidan da ke zaune a tsakiyar fili, da sarari a kewaye. Dokokin jihohi da dama suna neman kamar mita shida a gaba da uku a gefe da baya. A fuloti mai faɗin mita 15, idan ka bar uku hagu uku dama, tara ta rage maka. Bahaushe kuwa yana jera ɗakunansa jikin katanga ne ya bar sararin a ciki, inda iyali suke girki da wanki da shan iska. Dokar tana auna nisan bango da bango, ba ta tambayar me taga take gani. Malaman Malikiyya tun da daɗewa sun hana buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, kuma ba abu ne mai wuyar rubutawa a dokar zamani ba: tagar sama da ke fuskantar gidan wani a ɗaga ta mita 1.8 daga daɓen ɗaki, ko a sa mata gilashin da ba a gani ta cikinsa, baranda kuma ta kalli titi. Haka nan ƙa'ida ɗaya ba za ta yi wa Nasarawa da lungunan Birni ba, inda wani lungun bai kai mita biyu ba. Can abin da ake bukata shi ne iyakance hawan bene kusa da badala da Gidan Rumfa da Dutsen Dala, da hana cike sauran kududdufai. A sababbin unguwanni kuwa, hanya ce: motar kashe gobara tana bukatar kusan mita huɗu a sarari kafin ta shiga.

Abin da za ka yi yanzu shi ne ka fara samun maƙwabcin da kanka, ka kai masa mafita a hannu, domin toshe rabin taga da bulo ko canza gilashi aikin yini ɗaya ne. Idan bai ji ba, ku je gaban mai unguwa. Idan nan ma ta ƙi, ka rubuta wa KNUPDA takarda, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ka nemi a duba ko zanen da aka amince masa ya ƙunshi wannan hawan da waɗannan tagogin. Ba kasafai abin da aka gina yake daidai da abin da aka zana ba. Kotu tana nan a ƙarshe. Ka tuna kuma naka benen zai hango tsakar gidan na kusa da kai, don haka ka sa mai zanen ya juya tagogi da baranda zuwa titi tun a takarda.

Ba sai ka jira sabuwar doka ba. Izinin da ka samu yau a ƙarƙashin wadda take aiki shi ne hujjarka gobe, muddin ka gina daidai da zanen kuma cikin wa'adin da aka rubuta a jikinsa. Duk kuɗin da za ka biya, ka biya a asusun gwamnati ka karɓi rasit, kada ka damƙa wa kowa a hannu. Ka ajiye kwafin zanen mai hatimi a wurin aikin, domin shi jami'an sa ido za su fara tambaya, asalin kuma ya zauna a gida tare da takardar mallaka.