Zan iya zuba zakkata a asusun gidauniyar gyaran makarantar garinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, amma asalina wani gari ne a ƙasar Katsina. Mu tsofaffin ɗaliban sakandaren gwamnati ta garin mun kafa gidauniyar ilimi, saboda iska ta yaye rufin azuzuwa uku, yara kuma a ƙasa suke zama. Muna tara gudummawa, wata ƙungiya ma ta ba mu tallafi. Ni ne ma'aji. Zakkata ta bana ta kai naira dubu 900, ina so in zuba ta a asusun gidauniyar, tunda daga cikinsa muke sayen kwano da benci, muna kuma biya wa marayu kuɗin NECO. Wani malami ya ce mini ya halatta, domin ilimi fi sabilillahi ne.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya karɓa muku. Rufa aji da sayen benci sadaka ce mai gudana, babu saɓani. Tallafin ƙungiyar ma halal ne muddin ba su gindaya sharaɗin da ya saɓa wa addini ba, kuma dole ku kashe shi a abin da suka ce.

Inda na tsaya a tambayarka shi ne maganar asusu ɗaya. Kuɗin kwano da kuɗin maraya a tukunya guda suke. Da zarar zakkarka ta shiga, kai kanka da kake riƙe da littafin ba za ka iya rantsuwa cewa wannan nairar hannun mabuƙaci ta je, ba hannun kafinta ba. Saboda haka zuba ta a haka bai halatta ba, kuma abin da ya tafi gini bai sauke maka farilla ba, sai ka sake fitarwa.

Maganar da aka faɗa maka ba malamin ne ya ƙirƙiro ta ba. Fakhruddin Ar-Razi ya kawo a tafsirinsa cewa Al-Ƙaffal ya hakaito daga wasu malaman fiƙihu cewa ana iya kashe zakka a kowace hanyar alheri, kamar likkafanin mamaci da gina masallaci da ganuwa. Wasu malaman zamani sun karkata can. Amma ra'ayi ne mai rauni. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta fara da "innama", wato taƙaitawa, sannan ta lissafa kashi takwas. In dai fi sabilillahi tana nufin duk wani aikin lada, me ya sa aka ware faƙiri da miskini da mai bashi da matafiyi? Ai taimakon kowannensu aikin lada ne, da kalma ɗaya ta wadatar. Sannan su wane ne waɗannan "wasu malamai"? Ba a ambaci sunan ko ɗaya ba, alhali mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa ba a gini da zakka. A Mudawwana, Imamu Malik ya hana a yi likkafani ko a gina masallaci da ita. Shehu Khalil a Mukhtasar, da ya zo kan mai jihadi da kayan yaƙinsa, sai ya cire ganuwa da jirgin ruwa. To Alhaji, in ganuwar da ke tsare garin Musulmi daga abokan gaba ba ta shiga ba, ta ina katangar makaranta za ta shiga?

Masu wancan ra'ayin suna kuma kafa hujja da abin da aka ruwaito daga Anas ɗan Malik da Hasanul Basri, cewa abin da ka bayar a gadoji da hanyoyi sadaka ce karɓaɓɓiya. Abu Ubaid a Kitabul Amwal ya nuna ma'anarsa: zakkar da ma'aikacin hukuma ya karɓa daga fatake a bakin gada ko kan hanya ta isar musu. Ba gina gada ake nufi ba.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Makarantar nan ta gwamnati ce. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 aka ɗora wa hukuma ilimin yaro kyauta har aji uku na ƙaramar sakandare, aka kafa hukumomin kula da shi, UBEC a tarayya da SUBEB a jihohi. In kuka ɗauki haƙƙin talaka kuka toshe ramin da hukuma ta bari, an ci shi sau biyu ke nan. Ku gyara da aljihunku, amma ku rubuta wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar ilimi, ku yi ta sintiri har su gaji da ganinku.

Marayun kuwa, ƙofarsu a buɗe take, amma da lura. Maraici kaɗai ba ya sa a ci zakka, sai in yaron mabuƙaci ne; akwai marayan da ya gaji shanu. Ka ware zakkar daban da littafinta daban, ka damƙa wa mahaifiyar yaron ko mariƙinsa, ko ka nemi izininsu ka biya kuɗin jarrabawar a madadinsu. Kada ka ajiye ta wata da watanni kana jiran a buɗe rajista, ranar da ta wajaba ta zama ta masu ita. Malaman sa-kai da kuke ba ɗan alawus ma, ba a biyan ladan aiki da zakka. Wanda yake faƙiri a cikinsu a ba shi don talaucinsa, ko ya shiga aji ko bai shiga ba.

Ka kuma tuna dukiyarka a Kano take. A mazhabarmu inda zakka ta wajaba nan ake raba ta, ko kusa da nan, sai in mutanen wani wuri, kamar garinku, sun fi buƙata, a kai musu mafi yawa. Masu dako da suke sauke maka buhu a Dawanau suna da rabo a ciki, ka fi ni sanin halinsu.

Abu na ƙarshe ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Kai ne mai bayarwa, kai ne ma'aji, wataƙila kai ne mai zuwa sayen kwanon. Wannan ya yi wa mutum ɗaya yawa, ko da waliyyi ne. Ku sa mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a cire ko sisi, a karanta lissafi a gaban jama'a duk ƙarshen zango. Kada kuma wani ya yanki komai da sunan ma'aikacin zakka, wannan kason na wanda shugaba ya naɗa ne. Kwanon azuzuwa uku kuma, mai fitar da zakkar dubu 900 yana da abin da zai rufa aji ɗaya daga uwar kuɗinsa ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Allah ne mafi sani.