Ƙaiƙayin Matsematsi: Wane Magani, Sau Nawa, Har Zuwa Yaushe?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni ɗan acaɓa ne a Zariya, shekarata 34. Wata huɗu ke nan ina fama da ƙaiƙayi a matsematsina. Wurin ya yi duhu, bakinsa ya yi zobe yana ɓarewa, kuma yana ci gaba da yaɗuwa zuwa cinya. Wani mai kemis ya ba ni man shafawa mai haɗi uku, in na shafa kwana uku sai ya lafa, da na daina kuma sai ya dawo fiye da da. Wane magani ya dace da ni, kuma yaya ake amfani da shi?

AMSA: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Abin da ka kwatanta ya yi kama da makeron matsematsi, wanda ƙwayar cuta dangin naman gwari ke haddasawa, kuma babu abin da take so kamar wuri mai zafi da laima, irin na mutumin da ke wuni bisa babur cikin gumi.

Abin da zan fara roƙon ka shi ne ka ajiye wannan mai haɗi ukun. Galibin irinsa suna ɗauke da sitiroyid (sinadarin rage kumburi) mai ƙarfi, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma a lokaci guda yana danne garkuwar fata, sai ƙwayar ta sami sarari ta ƙara kafuwa. Fatar matsematsi ba ta da kauri, saboda haka yawan shafa shi yakan sa ta sirance har ta yi nankarwa wadda ba ta gogewa. A Indiya an daɗe ana danganta yawan amfani da irin wannan haɗi da yaɗuwar wani makero mai taurin kai da ba ya jin maganin da aka saba da shi. Ka kuma sani cewa kwanakin farko bayan ka daina, ƙaiƙayin yana iya tsananta, kada hakan ya sa ka koma.

Maganin farko na shafawa ne. Ana shafa kulotirimazol mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, ko mikonazol mai kashi 2 cikin 100, safe da dare na tsawon mako 2 zuwa 4. Tabinafin na shafawa ya fi su sauri, domin sau ɗaya ko biyu a rana na mako 1 zuwa 2 yakan wadatar. A wanke wurin, a tsane shi sosai, sannan a shafa kaɗan har a zarce bakin zoben da kimanin santimita 2, tunda a can ne ƙwayar ta fi rai. Inda mafi yawan mutane ke kuskure shi ne tsayawa ranar da ƙaiƙayi ya ɗauke, alhali ya kamata a ƙara aƙalla mako guda bayan fatar ta washe.

To sai dai tunda naka ya yi wata huɗu, ya faɗaɗa, kuma sitiroyid ya taɓa shi, mai yiwuwa ne sai an haɗa da na sha, wanda likita ne zai rubuta bayan ya duba ka. Ga baligi, yawanci akan ba da tabinafin miligiram 250 sau ɗaya a rana na mako 2 zuwa 4, ko itirakonazol miligiram 200 a rana na kwana 7 (ko 100 na kwana 15) wanda ake sha bayan cin abinci, ko fulukonazol miligiram 150 sau ɗaya a mako na mako 2 zuwa 4. Dalilin da ya sa na dage kan ganin likita shi ne waɗannan magunguna suna iya taɓa hanta, itirakonazol kuma bai dace da mai raunin zuciya ba, yana kuma karo da wasu magungunan rage kitse a jini. Idan idonka ya yi rawaya ko fitsarinka ya yi duhu, ka dakata ka koma asibiti. Ƙwayar ketokonazol ta sha kuwa kada ka yarda a ba ka, domin tun 2013 hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka yi kashedi a kanta saboda illarta ga hanta.

Ka duba tsakanin yatsun ƙafarka, domin sau da yawa daga nan cutar ke hawowa, kuma in ba a yi maganin wuraren biyu tare ba za ta dawo. Ka riƙa sa gajeren wando na auduga mai sakewa kana canzawa kullum, ka shanya shi a rana, kuma kada ka yi tarayya da kowa a tawul ko soso. Idan uwargida tana da irin wannan ƙaiƙayi, ita ma a duba ta. In kuwa mako 4 ya cika babu sauƙi, ko abin ya kama marena sosai, to a kankari fatar a auna, a kuma gwada maka sukari, domin akwai wasu cututtukan da ke kama da wannan amma maganinsu daban ne.