Kada ka sake lissafin abin da bai canja ba

Ka tambaye ni, yarona: tun da ka sa ragar jijiyoyi (tsarin lissafi mai matakai da ke koyo daga misalai) a manhajarka ta wasan ches ta koma tafiyar hawainiya, ko ka sayi GPU, wato katin kwamfuta mai yin lissafi da yawa a lokaci guda? A'a, riƙe kuɗinka tukuna.

Bincikenka na alfa-beta ne, wato hanyar neman motsi mafi kyau da ke duba matsayin allo ɗaya bayan ɗaya. Kai matsayi guda wurin GPU a dawo da amsa ya fi lissafin kansa cin lokaci. GPU na masu tara matsayi da yawa ne su aika a tare, irin manhajar ches ta Leela Chess Zero.

Kai dubi allonka. Doki ya tashi daga gida ya sauka a wani, sauran 'ya'yan duk suna nan inda suke. To me ya sa kake sake lissafin matakin farko na ragar tun daga tushe? Ajiye jimillar matakin nan, wato abin da aka samu da aka tara layin lambobin kowane ɗa a gidan da yake. In an yi motsi, ka debe layin lambobin gidan da dokin ya bari, ka ƙara na gidan da ya sauka. In ya ci wani, ka debe na wanda aka ci. Shi ke nan. Dabarar NNUE ke nan, wato raga mai saukin sabuntawa, wadda Yu Nasu ya fito da ita a 2018 don wasan shogi na Japan, manhajar ches ta Stockfish kuma ta ɗauka a 2020. Saukin sabuntawar nan ya sa ake yin matakin farko ƙato, na bayansa ƙanana. Kowane zurfin bincike ka ba shi jimillarsa, don in ka janye motsi ka koma kan ta baya kawai.

Sai ka kula da sarki. In ka ɗaure bayanan da ake shigar wa ragar da gidan da yake, kamar yadda tsarin da ake kira HalfKP ke yi, duk sanda ya gusa dole ka sake lissafin ɓangarensa gaba ɗaya. Nan yara suka fi tuntuɓe.

Bayan haka ka bar lambobi masu ɗigo, ka koma cikakku: masu bit 16 (bit shi ne ma'aunin faɗin lamba a kwamfuta) a matakin farko, bit 8 a sauran. Da AVX2, wato rukunin umarnin CPU masu sarrafa lambobi da yawa a tare, umarni ɗaya na sarrafa lambobi 16 na bit 16. Amma ka taƙaita girman lambobin tun wurin horar da ragar, in ba haka ba su tumbatsa ba ka sani ba.

Kafin ka yi murnar gudu, sa gwajin da zai kwatanta jimillar da kake sabuntawa da cikakken lissafi a kowane motsi. Ko lamba ɗaya ta saɓa, tsaya ka nemo dalili. In sun daidaita, haɗa sabuwar manhajar da tsohuwar su buga wasanni masu yawa, ka kawo min sakamakon.