Kafin Ka Ce Bod Ya Ƙone

Yarona, saƙonka ya iso ni. Ka ce wani malami daga unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maradi ya kawo kwamfutarsa ta gida, tana aiki sai dai nauyi, ka ƙara mata ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, ka cire tsohon faifai ka sa SSD, sabon nau'in faifai mai sauri, ka kuma cusa mata katin hoto na hannu saboda yaransa. Yanzu in ka danna makunni fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, kana tambaya ko bod, wato babban allon da duk kayan ciki ke jone a kansa, shi ne ya ƙone ka gaya wa mai ita.

Kada ka gaya masa haka. Kwamfutar da ta shigo shago tana tashi, ta daina tashi bayan hannunka ya shiga cikinta, matsalar tana cikin abin da hannun ya taɓa. Magabata sun ce kada ka dubi inda ka faɗi, dubi inda ka yi tuntuɓe. Kai kuwa abu uku ka taɓa lokaci guda, shi ya sa ka rasa wanda za ka kama. Aikinka yanzu shi ne ka mayar da ita yadda ta zo, ka ga ta tashi, sannan ka dawo da sababbin kayan ɗaya bayan ɗaya. Bod shi ake zargi a ƙarshe. Shi ne mafi tsada, kuma a gaskiya ba kasafai yake mutuwa don an ƙara ram ba.

Kafin hannunka ya sake shiga, zare wayar wuta daga bango, ka danna makunni ka riƙe kamar daƙiƙa 10 don sauran wutar da ke ciki ta zube. Kashe kwamfuta kawai bai isa ba, domin muddin waya na jone akwai bolt 5 da ke zaune a kan bod. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki ram ko kati, musamman yanzu da hunturu ya busar da iska. Wutar jikin nan da ke yi maka tsat in ka taɓa ƙofar mota ta isa ta lalata ram ba tare da ka ga ko tartsatsi ba. Ka riƙa kama su ta gefe, yatsa kada ya hau haƙoran zinarin.

Idan mutum ya ce maka kwamfuta ba ta tashi, abu uku ne, kuma kowanne hanyarsa daban. Akwai wadda ba ta motsi sam, ba fanka ba fitila. Akwai wadda ke kawo wuta amma ba hoto. Akwai kuma wadda ke nuna tambarin kamfani ta tsaya, Windows ya ƙi shigowa. Taka ta biyu ce. Fanka na juyawa, ke nan wuta na shiga, amma kwamfutar ta maƙale a gwajin da take yi wa kanta kafin ta nuna komai. A wannan gwajin tana neman furosesa (ƙwaƙwalwarta), ram da abin da zai fitar da hoto. In ta rasa ɗaya, shiru za ka gani.

Fara da abin da ba ya buƙatar sukudireba. Leƙa bayan akwatin ka ga inda ka jona wayar sikirin. Da zarar an sa katin hoto, yawancin bod suna rufe tasu ƙofar hoton, sai ta katin ke aiki, wato ramukan da ke ƙasa a kwance. In wayar tana nan sama inda take a da, kwamfutar na iya kasancewa ta tashi lafiya lau kai ne ba ka gani. In kuma sikirin ɗin malamin tsoho ne mai shuɗiyar wayar VGA, katin kuwa HDMI kaɗai gare shi, to ɗan mahaɗin da ka sa a tsakani shi ma abin zargi ne. Gwada da sikirin shago.

In ba haka ba ne, sai ka tuɓe ta. Cire katin hoto, cire SSD, cire sabuwar ram, zare duk abin da ke jikin USB. Ka bar furosesa da fankarsa, tsohuwar ram ƙwaya ɗaya, da wayar sikirin a ƙofar bod. Kunna. In tambari ya fito, ka gama da maganar bod, yana da rai, ko da ta tsaya tana cewa ba ta ga faifai ba. Daga nan sai ka kashe, ka zare waya, ka ƙara abu guda, ka kunna. Wanda ka sa ta sake yin shiru, shi ne.

Zuciyata ta fi kwantawa a kan ram, don haka bari in daɗe a nan. Ram tana shiga ne da ɗan ƙarfi, fiye da yadda sabon hannu ke zato. Ka buɗe kunnuwan ramin, ka daidaita tsagar da ke ƙasan ram da ɗan tudun da ke cikin ramin, ka sa manyan yatsu biyu a gefe da gefe ka danna har ka ji ƙas, kunnuwan su rufe da kansu. Sai ka sunkuya da tocila ka duba: in kana hango layin zinari a gefe ɗaya, ba ta zauna ba. Sau da yawa ma ba sabuwar ce ke da laifi ba, tsohuwar ce aka ture da gefen hannu wajen sa sabuwar. Ga kuma ƙurar Maradi. Ramin da ya shekara da shekaru a buɗe ba kowa a ciki, cike yake da ƙura mai laushi, kai kuma ka danna ram a kanta. Ka hure shi da abin hura iska, ka bi da busasshen buroshi, ka goge haƙoran ram da robar goge fensir a hankali, ka kaɗe ɓurɓushin. Kada ka hura da baki, yawu ne kake zubawa.

Sannan ka karanta takardar da ke manne a jikinta. Ram irin DDR3 ta kwamfutar tebur haƙoranta 240, DDR4 kuwa 288, tsagarsu ma ba wuri ɗaya take ba, don haka ba sa shiga ramin juna sai in an yi musu dole, wanda kuma ya yi dole ya karya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wadda ke shiga daidai amma ba ta aiki. DDR3 tana cin bolt 1.5, DDR3L tana cin 1.35, kuma akwai injinan da ƙaramar suke so. Dubi harafin da ke ƙarshen lambar. In ka ga irin PC3-12800U, harafin U ɗin nan na kwamfutar gida ne. In R ka gani, ram ɗin manyan injinan kamfanoni ce da ake kira saba (server). Tana yawo cikin kayan hannu da ke shigowa ta Kano da Katsina, tana da girma tana da araha, tana kuma shiga ramin sarai, amma bod na gida ba ya karanta ta. Ni shi ya sa ba na sayen ram a dunƙule sai na juya kowace na karanta. In bod ɗin ramuka 4 gare shi, gwada ƙwaya ɗaya a kowane rami bi da bi, don rami ɗaya kan mutu sauran na lafiya. Kuma bayan canjin ram ka ba ta minti ɗaya ko biyu kafin ka yanke hukunci, wasu injinan sukan ɗauki lokaci a tashin farko.

Ga wani gwaji da nake so ka riƙe. Cire ram gaba ɗaya ka kunna. In ta yi ƙara ɗi-ɗi-ɗi, ko fitilar makunni ta shiga ƙyaftawa da wani tsari, alama ce mai kyau, bod ya lura an ɗauke masa ram har yana ƙorafi. Ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ta Dell daban ta HP daban, don haka ka ƙirga ta ka nemi ma'anarta da lambar injin. Sai dai shirun ba hujja ba ne in bod ɗin ba shi da ƴar lasifika. Akwai ɗaya a cikin gwangwanin noti, ka jona.

Katin hoto matsalarsa wuta ce. Ramin da yake zama a ciki wat 75 kaɗai yake iya bayarwa. Katin da ya fi haka ci yana da rami a kafaɗarsa, mai ido 6 da ke ƙara wat 75 ko mai ido 8 da ke ƙara 150, kuma in ba a jona ba, ba zai fitar da hoto ba. Ƙananan injinan ofis na hannu da muke gani a nan, akwatin wutarsu, wanda ke raba wa kayan ciki wuta, da yawa bai wuce wat 240 ko 255 ba, ba shi ma da wannan wayar. In haka ne, katin bai dace da injin ba, kuma gara ka gaya wa malamin gaskiya da ka nemo mahaɗi ka ɗora wa ƙaramin akwati kayan da ya fi ƙarfinsa. A zafin Afrilu da Mayu na garin nan ba zai kai ko'ina ba.

Tun da kana ciki, bi manyan wayoyi biyu ka danna su: babbar mai ido 24, da ƙaramar mai ido 4 ko 8 da ke kusa da furosesa. Ƙaramar nan in ta sassauta, daidai abin da ka kwatanta za ka gani, fanka na gudu hoto babu. Kada ka rikita ta da mai ido 8 ta katin hoto, kama suke yi amma jerin wayoyinsu ba ɗaya ba ne.

In har yanzu shiru, cire ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, waya a zare, ka bar shi minti 5 ka mayar. Wannan yana share saitin da bod ya riƙe na tsofaffin kaya. Auna shi da mita, bolt 3 ya kamata ya nuna, in ya faɗi ƙasa sosai sa sabo. Akwatin wuta kuma ana auna shi: ruwan ɗorawa bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3. In na 12 ɗin ya sauka ƙasa da 11.4, ya fita daga ƙa'ida. Dabarar haɗa koriyar waya da baƙa don tayar da shi a waje tana aiki ne a kan mai ido 24 na gama-gari kawai. Yawancin injinan ofis na baya-bayan nan nasu tsarin daban ne, kada ka yi musu. Cikin akwatin wutar kuwa ban yarda ka buɗe ba ko kaɗan, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi. In kuma ka ɗauko wani daga kan kanta don gwaji, duba bayansa ko yana da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Kayan Amurka sukan zo a kan 115, wutarmu kuwa 220 ce, jonawa ɗaya ya isa ya tashi da hayaƙi.

Bayan hoto ya dawo, wataƙila ka faɗa matsala ta ukun, wato Windows ya ƙi shigowa, kada hankalinka ya tashi. Sabon SSD fanko ne, ba Windows a ciki sai ka kwafa ko ka zuba sabo. In ka kwafa amma ya ƙi shiga, duba jerin faifan da za ta fara nema a cikin BIOS, wato shafin saitin bod, ka duba ko tsohon tsarin a kan UEFI yake ko Legacy, hanyoyi biyu na tayar da Windows, ka kuma duba saitin SATA, wato yadda bod ke magana da faifai, domin cire batiri kan juya shi, Windows kuma in an canza masa wannan saitin tsakanin AHCI da RAID sai ya kawo shuɗin sikirin. Tsohon faifan malamin ka naɗe shi ka ajiye a aljihun tebur, kada ka share ko fayil ɗaya. Takardun makarantarsa da hotunan iyalinsa suna ciki, kuma sun fi injin gaba ɗaya daraja a wurinsa. In ta nemi lambar BitLocker mai lamba 48, wato lambar buɗe faifan da Windows ya kulle, kira shi, kada ka yi ta gwaje-gwaje.

Sai ka gwada ram da ka tabbata tana aiki, ka gwada wani akwatin wuta, ka share saiti, ka fito da bod ka ɗora a kan kwali don tabbatar ba wani noti da ya faɗa ƙarƙashinsa, sannan ne za mu fara maganarsa. A lokacin ma ido da hanci za ka sa, ka nemi kafasito (ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan bod) da ya kumbura ko wurin da ya yi baƙi yana ƙauri. Furosesa kuwa tunda ba ka taɓa shi ba, bar shi inda yake, ƴan alluran da ke ƙarƙashinsa ba sa yafe kuskure.

In malamin ya zo kafin ka gama, ce masa ɗaya daga cikin sababbin kayan ne bai dace ba, kana tantancewa, kuma ajiyarsa na nan lafiya. Ka ɗauko mini hoton takardar jikin ram ɗin biyu da ta jikin akwatin wuta da lambar injin ka turo yanzu, kafin ka sake sa mata wuta.